Tsagar da Baba Ya Yi a Bangon Zaure

Duk shekara idan hunturu ya kama, hazo ya sauka a kan Birnin Kebbi, hancina ne yake riga ni zuwa gida. Ko hayaƙin murhun wata maƙwabciya ne ya ratso ta taga, sai in gan ni a Illo, ina ɗan shekara goma, tsugune kusa da wurin bandar Inna, na miƙa hannuwa kan garwashi, kifi yana ɗigar da mai a wuta. Ƙamshi uku ne a haɗe: hayaƙin ɗanyen itace, da ƙarnin ruwa, da sanyin lakar da ta manne a ƙafafun masu dawowa daga kogi. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na zauna garuruwa da dama, ban taɓa samun inda ukun nan suka haɗu kamar a tsakar gidanmu ba.

Illo ba a kan gaɓar kogin Kwara take daram ba. Akwai 'yar tafiya ta cikin fadama kafin a kai Giris, inda jirage suke tsayawa. Tsofaffinmu sukan ce ta nan ayarin fatake ke ƙetarewa zuwa Gwanja neman goro, da jakunansu da kanwarsu da gishirin Foga. Sai da na girma na karanta cewa ko Turawan Ingila da na Faransa, da suka zauna raba ƙasa a 1898, da Giris suka yi awo: suka ƙirga mil 10 daga tsakiyar garin zuwa sama, suka ce nan ne iyaka. Mu dai yara ba mu san da wata iyaka ba. A bakin ruwa za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Busanci da Kyanganci da Fulatanci a cikin ciniki guda, mutumin Madekali ya zo da safe ya koma da yamma, na Gaya ya kwana biyu, na Lolo kuwa ɗan gida ne. Kifi ma haka yake, ba ya tambayar ƙasar wa ya shiga.

Abin da ya fi ba ni mamaki ina yaro shi ne kogin namu sau biyu yake cika a shekara. Da damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, farin ruwa ya zo da laka da kumfa da karan dawa, wannan kowa ya san dalilinsa tunda sama tana zuba. Amma sai tsakiyar hunturu, leɓe ya tsattsage, babu ko ɗigon hadari, ka wayi gari ka ga kogi yana hawa a hankali, ruwan garau, mai duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Shi ne baƙin ruwa. Na tambayi kawu daga ina yake, ya nuna yamma da haɓa ya ce, “Daga nesa, ɗana. Ruwan wasu mutane ne da aka yi musu tun da damina, sai yanzu ya iso.” Gaskiyarsa. Ruwan duwatsun Gini ne, wanda yake bazuwa a fadamun Mali ya sauke lakarsa, ya yi watanni yana jan ƙafa kafin ya wuce Yamai ya zo mana. Kogin da tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,200, kawu bai taɓa ganin taswirarsa ba, amma ya san halinsa kamar yadda ya san halin matarsa.

Dangin Inna Sarkawa ne, ruwa gadonsu. Baba manomin shinkafa ne, sai da rani yake bin surukansa. A wurin kawu na koyi sunayen kifi kafin in koyi baƙi da wasali. Ga tarwaɗa mai santsi, ga ƙurungu da yake ƙara idan an ɗaga shi, ga ƙarfasa, ga ragon ruwa, ga kawara, ga faliya mai faɗi kamar faifai, ga tsage mai haƙoran kare, ga yauni wanda ba a kai shi gidan suruki sai da sabon kwano. Ga minjirya, wadda manyan yara kan miƙa wa ƙananan su riƙe, yaro ya yi tsalle ya saki ihu, mata su yi ta dariya suna zagin mai mugun wasa. Ga talibambam da muke shafa wa ciki ya kumbura kamar shantu. Kowane da lokacinsa, kowane da kayan kamunsa: birgi, da koma, da mamari, da gura. Akwai kuma gurabe masu zurfi da Sarkin Ruwa yake rufewa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya buɗe. Ba a rubuce dokar take ba, amma ban taɓa jin wanda ya karya ta ya kwana da daɗi ba.

Wata ranar Laraba, baƙin ruwa ya fara janyewa, muka ji guɗa daga hanyar fadama. Kawu ne da mutum uku, sun rataye giwan ruwa a jikin gwangwala, wutsiyarsa tana share ƙasa. Idonsa kamar kwalbar fitila, ɓawonsa kowane ɗaya ya fi sule. Aka jingina shi da bangon zaurenmu don jama'a su gani, Baba ya zaro wuƙarsa ya tsaga bangon daidai inda bakin kifin ya tsaya. Tsagar ta zo masa a haɓa, shi kuwa Baba ba gajere ba ne. Wani dattijo da ke zaune a kan buzu ya dubi kifin, ya gyaɗa kai, ya ce, “Madalla. Amma wanga ƙanen waɗanda muka sani ne.” Jama'a suka fashe da dariya, aka ce tsoho ba ya rasa abin cewa. Ni ma na yi dariya. Daren nan unguwa duka ta ci tuwon shinkafa da romon kai, har almajirai suka ƙoshi suka bar saura.

A cikin shekarun nan ne, farkon 1970, wani baƙo ya fara zuwa bakin ruwa. Ɗan Najeriya ne, siriri, da gajeren wando da hular kaki, aka ce daga wurin binciken kifi na Sabon Busa yake. Kayan aikinsa katako ne mai lambobi, da sikeli mai ƙugiya, da littafi a cikin leda. Jirgi na tsayawa sai ya yi sallama, ya roƙi a ba shi aron kifi. Ya shimfiɗa shi a kan katako, ya daidaita baki da ƙarshen allo, ya duba wutsiya, ya rubuta, ya mayar. Ba ya saye, ba ya karɓar kyauta. Wata mai banda ta kasa haƙuri ta ce, “Malam, riga za ka ɗinka masa ne?” Ya yi murmushi ya ce, “A'a, Hajiya, so nake jikokinki su san yadda yake.” Ta ce, “Jikokina ai su ci shi za su yi.” Daga ranar aka sa masa suna Telan Kifi, yana jin sunan yana amsawa.

Ni ya zaɓa in riƙa riƙe masa littafi, saboda ina aji biyar, na iya rubuta lamba. Ladana alewa biyu da izinin leƙa wani littafi mai hotunan kifi da yake yawo da shi, wanda Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga a 1967. A ciki na fara ganin giwan ruwa da sunansa na Hausa kusa da wani dogon suna na masana. Wani daɗi ya kama ni, kamar na ga ɗan garinmu a jarida. Na tambaye shi amfanin wannan wahala, tunda kifi ba ya ƙarewa. Ya daɗe yana goge katakonsa kafin ya ce, “Wa ya gaya maka?” Ban ba shi amsa ba, don ba wanda ya gaya mini. Abu ne da kowa ya sani, kamar fitowar rana.

Lokacin kuwa duniyar ruwa tana juyawa, mu ba mu lura ba. An gama madatsar Kainji a 1968, tsohon Busa ya nutse, aka tashi mutane sama da 40,000 daga gidajensu, wani tafki mai faɗi ya miƙe har kusa da Yawuri. Shekarun farko kifi ya yi ambaliya a can, faliya har ta rasa mai saye. Kawu ya ɗaure kayansa ya bi sahu, ya dawo da rediyo da keke da injin jirgi. Bayan 'yan shekaru kamun ya faɗi ƙasa warwas, ya dawo da rediyon kawai. Sai farin 1973, sai na 1984 da ya fi shi zafi, fadamun da kifi ke shiga ya yi ƙwai a cikin burgu suka bushe suka tsage. Zaren roba ya kori zaren auduga, ga araha ga ƙarko, idon koma ya yi ta tsukewa, har aka kai ga wasu suna tace ruwa da gidan sauro. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta gangaro daga sama ta toshe mashigai. Ban ga laifin kowa ba. Baki ya ƙaru, gona ta gaza, mai iyali kuma ba ya dawowa gida hannu biyu don tausayin kifi. Kowace shekara abin yana raguwa kaɗan, kaɗan ɗin da ba ya hana barci.

Bara waccan na je gida hutun babbar salla tare da jikata, wadda take karatun kiwon kifi a kwalejin tarayya da ke Sabon Busa. Muna bakin ruwa wani saurayi ya fito da giwan ruwa da bai wuce tsawon hannu ba, daga kafaɗa zuwa yatsu. Abokansa suka kewaye shi suna ɗaukar hoto da waya, ana ta kirari. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Madalla, amma wannan ƙanen waɗanda muka sani ne.” Yaran suka yi dariya cikin ladabi. Nan take na tuna dattijon kan buzu, na ji kamar ya dafa kafaɗata.

Da dare muna shan iska a ƙofar zaure, jikar tawa ta ce, “Kaka, abin da ya faru ɗazu fa yana da suna a karatunmu.” Na ce, “To amarya, karanta mini.” Ta ba ni labarin wani masani mai suna Daniel Pauly. An haife shi a Faris a 1946, ya tashi a Suwizalan, ya yi karatu a Kiel ta ƙasar Jamus. A 1971, kusan lokacin da nake riƙe wa Telan Kifi littafi, shi yana Gana, a wani tafkin bakin teku mai suna Sakumo kusa da Tema, inda ruwan daɗi da na gishiri suke gauraya. Yana auna wata irin ƙarfasa mai baƙin haɓa wadda mutanen wurin suke rayuwa a kanta, manyanta sukan kai santimita 20, wato kamar taƙi guda. Bayan shekara 27 ya koma, ya tarar girman kifin ya ragu da rabi, yana yin ƙwai tun yana ɗan mitsitsi. Masuntan kuma suna nan suna kamawa, ba su ga wani abin da ya ɓace ba.

A 1995 ya rubuta wata 'yar gajeriyar maƙala da ta zaga duniya. Abin da ya ce a ciki, kamar yadda ta fassara mini, shi ne kowane zamani yakan ɗauki abin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin cikar ma'auni. Uba ya tarar da kwano goma, ya bar bakwai. Ɗa ya buɗe ido a kan bakwai, ya ce haka Allah ya yi shi, ya bar biyar. Jika ya yi murna da biyar. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya ga asarar gaba ɗayanta, domin ma'aunin da kansa yana tafiya tare da mutane. Har masana ya haɗa a ciki, ya ce su ma suna fara lissafi ne daga ranar da suka fara aiki. Maganin da ya kawo shi ne a daina raina labaran tsofaffi da tsofaffin rubuce-rubuce, a tattara su, a tace su, a sa su cikin hujja. Na yi shiru. Ashe da tsohuwar zuma ake magani har a jami'o'in Turai. Ashe dattijon da muka yi wa dariya shaida yake bayarwa.

Ta ci gaba da ba ni labari har wata ya yi tsakiya. Wai kifin ƙasashen sanyi yana da zobba a ɓawonsa da ƙashin kunnensa, kowace shekara ɗaya, kamar na kututturen itace, amma namu na ƙasashen zafi zobbansa ba sa fita sosai, sai sanin shekarunsa ya yi wuya. Da Pauly ya koma aiki a Manila ta Filifin a 1979, shi da abokan aikinsa suka fito da hanyar gane saurin girman kifi da yawan mutuwarsa daga awon tsawo kawai, ta yadda ma'aikaci mai katako da fensir a ƙasa matalauciya zai iya faɗin ko ana cin ruwa fiye da ƙarfinsa. Na ga Telan Kifi a idona, tsugune cikin laka. Sannan shi da wani Bajamushe, Rainer Froese, suka kafa rumbun bayanai na FishBase, mai ɗauke da nau'in kifi sama da 30,000. Ta buɗe wayarta ta nuna mini giwan ruwa a ciki. A 1998 kuma, yana Jami'ar British Columbia a Kanada, suka nuna cewa masuntan duniya sukan fara cinye manyan kifaye masu farauta, sai su gangaro kan matsakaita, sai ƙanana. Wannan ban bukaci fassara ba. Na ga kasuwar da ake sare giwan ruwa da gatari, na kuma ga wadda ake auna warangi da gwangwanin madara.

Abu ɗaya da ya fi taɓa ni shi ne binciken da suka fitar a 2016, shi da Dirk Zeller. Suka bi ƙasa ƙasa suna sake lissafin kifin da aka kama a tekunan duniya daga 1950 zuwa 2010, suka gano ya zarce abin da ke rubuce a hukumance da kimanin rabi. Cikin abin da aka tsallake har da kamun ƙananan masunta, da na masu kamawa don tukunyar gida. Na tuna Inna da kwandunanta. Shekara arba'in tana banda, ta aurar da 'ya'ya, ta biya mini kuɗin littafi, ta yi wa Baba rufin ɗaki, amma ko kifi ɗaya nata bai shiga littafin wata hukuma ba. Su a teku suka yi nasu lissafin, ba a Kwara ba, sai dai na san irin matan da suke nufi. Na san hannuwansu, da tarin da hayaƙi yake bar musu.

Sau ɗaya na taɓa ganin teku, a Kwatano, na tsaya nesa ina kallon yadda yake tafasa ba wuta. Na yi tunanin cewa ruwan da ya wanke ƙafata a Giris ma can yake ƙarewa, bayan ya ratsa Kainji da Jebba da Lakwaja ya rarrabu cikin dazukan bakin teku. A lokacin na ɗauka tsakaninmu da teku sai labari. Yau kuwa teku ne yake zuwa mana a cikin kwali. A kasuwannin da suka ciyar da rabin ƙasar Kabi da banda, yanzu za ka ga kifin ƙanƙara a kan tebur, ana sare shi yana tururin sanyi, yara suna son sa don ba shi da ƙaya da yawa. Ba na ƙin sa, yana rufa asiri. Amma idan tekun ma ma'auninsa yana ja da baya, to mai nazarin bakin teku da masuncin Illo jirgi ɗaya ya ɗauko su.

Jikata ta ce ba a makara ba. Ta ce a shekarun 1990 wani aikin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya bi ƙauyukan tafkin Kainji yana ƙirga jirage da komaye da kamu, aka zauna da sarakunan ruwa, har aka kai ga hana jan dala, tarun nan mai ƙananan idanu da yake kwashe 'ya'yan kifi. Kifi, in ji ta, mai saurin yafiya ne: a bar masa fadamarsa lokacin ƙwai, a buɗa idon koma, zai dawo. Na ce mata ai Sarkin Ruwanmu ya riga malamanku. Ta ce, “Shi ya sa muke so mu ji daga bakinku, Kaka, tun kuna nan.”

Washegari muka sayi littafi mai bango ja. Muka bi tsofaffin Sarkawan da suka rage, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ita tana rubutu, ni ina tambaya, don sun fi sakin jiki da mai furfura. Wane kifi ne kuka daina gani? Yaushe rabonku da ayu? Babban yaunin da ka taɓa kamawa, kamu nawa ne? Wani ya miƙa hannuwa biyu har ƙarshensu, sannan ya ce wa ɗansa ya zo ya ƙara nasa. Muka yi dariya, amma ta rubuta, ta sa alamar a sake tambayar wani don a gwada. Wata tsohuwa ta lissafa sunayen kifi goma sha ɗaya da jikokinta ba su taɓa ji ba, tana faɗa tana murmushi kamar mai kiran sunayen ƙawayen da suka riga ta.

Zauren namu yana nan. Da za a yi masa shafen siminti shekarun baya, na roƙi magini ya bar mini tafin hannu guda a bangon gabas, bai tambayi dalili ba. Yaran gidan sun mayar da wurin ma'aunin tsawonsu, kowa ya zo ya jingina ya ga saura nawa ya kamo tsagar. Ranar da za mu koma, ƙaramin cikinsu ya ja mini riga ya ce, “Kaka, wane ne mai wannan tsawon?” Na ce kifi ne. Ya dube ni, ya dubi bango, ya rufe baki da hannu yana dariya. Na bar shi ya gama. Sannan na zaunar da shi a kan buzu, na fara masa tun daga ranar Laraba, da guɗar da muka ji daga hanyar fadama.